Wai wane ne Mai Shari'a Uwais ɗin nan da ake ta kiran rahotonsa duk lokacin zaɓe?

Ummu_Hanan ta rubuta:

Assalamu alaikum jama'ar gidan nan. Dan Allah ina da tambaya ga manyanmu musamman lauyoyi da waɗanda suka ga jiya. Duk sanda zaɓe ya matso ko aka gama aka fara rigimar kotu sai in ji ana cewa a rediyo "da an yi aiki da rahoton Uwais da ba mu kai nan ba", tun ina sakandare nake jin wannan maganar amma ban taɓa samun wanda ya zaunar da ni ya warware min ba. Ranar da ya rasu, wato ranar Babbar Sallar 2025, muna tsakar aikin nama labarin ya shigo, babanmu ya ajiye wuƙa ya yi salati ya ce yau an yi rashin alƙali, shi kuma kawuna da yake wajen ya ce Allah ya jiƙansa amma fa kar a manta shi ne babban jojin Abacha kuma shi ya kori ƙarar Buhari. Daga nan musu ya kaure tsakaninsu har aka kira la'asar, ni dai ina gefe ban fahimci rabin abin da suke faɗa ba.

Toh shi ne nake so a faɗa min tsakani da Allah, wane ne mutumin nan, ya aka yi ya kai wannan matsayin, kuma tsakanin babana da kawuna wa ya fi gaskiya? Ina son karanta lauya ne in sha Allah shi ya sa abin ya tsaya min a rai.

Tsohon_Rajistara ya rubuta:

Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya ba ki abin da kike nema. Ni na yi shekara talatin da ɗoriya ina aikin kotu kafin in yi ritaya, ba lauya ba ne ni amma fayil ɗin shari'a da ya bi ta hannuna ba ya ƙirguwa, bari in ba ki tarihinsa a jere sai lauyoyi su zo su yi miki bayanin hukunce-hukuncensa.

Sunansa Muhammadu Lawal Uwais, Bazazzage ne, an haife shi a Zariya ranar 12 ga Yuni 1936. Ya yi Midil ta Zariya sannan ya wuce Barewa. A wancan lokacin Arewa lauyoyinta 'yan ƙasa ba su taka kara sun karya ba, su Mohammed Bello da Mamman Nasir ne sahun farko, shi ya sa gwamnatin Sardauna ta buɗe kwas na koyon shari'a a makarantar koyon mulki ta Kongo, a fara a nan gida sannan a tura mutum Ingila ya ƙarasa. Ta wannan hanyar ya bi, ya zama lauya a Middle Temple da ke Landan a 1963, ya dawo ya yi makarantar lauyoyi ta Legas aka rantsar da shi a 1964. Daga nan ya kama aiki a ma'aikatar shari'a ta Jihar Arewa a Kaduna a matsayin lauyan gwamnati, da aka yanka jihohi ya zauna a Arewa ta Tsakiya, wato Kaduna da Katsina na yanzu, har ya kai babban sakatare a ma'aikatar. A 1973 aka ɗora shi a kujerar alƙalin babbar kotu, 1977 ya tafi kotun ɗaukaka ƙara lokacin sabuwa ce fil, 1979 kuma aka kai shi Kotun Ƙoli yana da shekara 43 kacal.

Ki tsaya ki dubi wannan shekarun da kyau don nan ne sirrin. Mutum ya shiga Kotun Ƙoli yana 43, bai fita ba sai da ya cika 70 a ranar 12 ga Yuni 2006, kusan shekara 27 kenan a kotu ɗaya. Obasanjo yana soja ya shiga, ya ga Shagari, ya ga Buhari, Babangida, Shonekan, Abacha, Abdulsalami, har Obasanjon ya dawo da babbar riga kuma shi Uwais ɗin ne ya rantsar da shi a 1999. Alƙalin alƙalai kuwa ya zama ne a Disamba 1995 bayan Mohammed Bello ya yi ritaya, ya riƙe shekara goma da rabi, in ban da Adetokunbo Ademola babu wanda ya kai shi daɗewa a wannan kujera. Wanda ya gaje shi, Alfa Belgore, wata bakwai kawai ya yi. Abin da ke damuna da tsarin yanzu kenan, sai mutum ya kusa 60 ko ya haura sannan a kai shi can, kafin layi ya zo kansa ya zama shugaba saura masa shekara ɗaya ko biyu, me zai gyara a shekara ɗaya? Kafin ya gama sanin ma'aikatansa an fara shirya masa walimar sallama.

Kuma ki sani zamaninsu da hannu alƙali yake rubuta duk abin da aka faɗa a kotu, lauya ya yi magana ya dakata alƙali ya rubuta, shaida ya yi magana ya dakata, haka za a wuni. Aiki ne na haƙuri wallahi, wanda ba shi da juriyar zama da karatu ba ya iyawa.

Barista_A ya rubuta:

Baba ya gama magana a kan tarihi, Allah ya ƙara lafiya Baba. Ƙanwata bari in ɗora da shari'o'in tunda ta nan ake auna alƙali ba ta yawan shekaru kaɗai ba.

Ko wata biyu bai cika ba a Kotun Ƙoli ya tsinci kansa cikin alƙalai bakwai da suka saurari ƙarar Awolowo da Shagari a 1979, wacce ake kira shari'ar sha biyu da biyu bisa uku. Kuma abin zai ba ki sha'awa don a kan Kano aka yi rigimar. Doka ta ce sai ɗan takara ya samu kashi ɗaya cikin huɗu na ƙuri'u a biyu bisa uku na jihohi, jihohin kuma 19 ne lokacin, 19 ba ta rabuwa uku daidai. Shagari ya samu abin da ake so a jiha 12, a Kano kuwa inda Malam Aminu ya share ƙuri'a sai ya samu kashi 19.94 cikin ɗari. Awolowo ya ce jiha ba a gutsura ta, dole a ce 13, saboda haka a je zagaye na biyu. Lauyan Shagari Richard Akinjide ya ce a'a, sha biyu ne da biyu bisa uku na jiha ta sha uku, kenan a Kano ɗaya bisa shida na ƙuri'un ya ishe shi. Ranar 26 ga Satumba kotu ta ba Shagari gaskiya, saura kwana biyar soja su miƙa mulki, Kayode Eso ne ya fito ƙarara ya saɓa. Uwais yana cikin masu rinjaye kuma shi ne ƙaraminsu.

Amma inda ni nake ganin ya bar tarihi shi ne daga 2002 zuwa 2004, lokacin Obasanjo yana kan ganiyarsa, PDP ta cika majalisa, kowa na tsoron ya ce masa a'a. A wannan ɗan tsakanin kotun da Uwais yake shugabanta ta taka wa gwamnatin tarayya birki ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba. An saka wasu sassa a dokar zaɓe ta 2001 da za su tsawaita wa'adin shugabannin ƙananan hukumomi, jihohi suka kai ƙara, kotu ta ce majalisar tarayya ba ta da wannan hurumin ta soke su. Sai ta jam'iyyu, INEC ta jera sharuɗɗa masu tsauri na rajista waɗanda ba su cikin kundin tsarin mulki, Balarabe Musa da Gani Fawehinmi da wasu suka ja ta har sama, a Nuwamba 2002 kotu ta watsar da mafi yawan sharuɗɗan. Jam'iyyu uku aka shiga zaɓen 1999 da su, kafin na 2003 sun kai 30, PRP ta dawo ta wannan ƙofar. Duk wata ƙaramar jam'iyya da kika gani yau a takardar ƙuri'a albarkacin wannan hukuncin take ci.

Sannan ta Legas. Tinubu yana gwamna ya ƙirƙiro sababbin ƙananan hukumomi 37 a kan 20 da ake da su, Obasanjo ya fusata ya riƙe kuɗin ƙananan hukumomin Legas gaba ɗaya. Disamba 2004 Uwais da kansa ya rubuta babban hukuncin, ya ce shugaban ƙasa ba shi da ikon riƙe kuɗin da tsarin mulki ya ce a ba su ko da me aka yi masa, amma ya juya ya ce wa Legas sababbin naku ba su cika ba sai majalisar tarayya ta shigar da su cikin kundi. Kowa ya samu nasa kashedin. Kuma ba kullum tarayya ce ke faɗuwa ba, da Jihar Ondo ta ce dokar ICPC, hukumar yaƙi da cin hanci, ba ta hau kan jihohi ba, shi ya rubuta hukuncin da ya tabbatar da dokar a 2002, in ban da 'yan sassa da aka cire, da an rusa ta a ranar da hukumar ta mutu tun tana jaririya. Haka ta rikicin man cikin teku a Afrilu 2002, kotu ta ce iyakar jihohin gaɓa ta tsaya a bakin ruwa, Akwa Ibom ta ji jiki sosai, sai daga baya aka sasanta da doka a 2004.

Toh babanki dai ba a banza ya ajiye wuƙa ba.

Dan_Gwagwarmaya ya rubuta:

Barista ka kawo masu daɗin ka bar masu ɗaci. Allah ya jiƙan Mai Shari'a, ba na zagin mamaci kuma ban taɓa jin ya tara dukiyar da ta fi ƙarfin albashinsa ba, amma yarinyar nan gaskiya ta tambaya a faɗa mata duka. Kawunki bai yi ƙarya ba ƙanwata. Wata guda da 'yan kwanaki bayan an rataye Ken Saro-Wiwa da mutum takwas ta hanyar kotun musamman da ba a ɗaukaka ƙararta aka naɗa shi, ya zauna a kujerar har Abacha ya mutu a 1998, a shekarun nan ana kama mutum da dokar soja ta biyu a kulle ba tuhuma ba shari'a, Shehu Yar'Adua ya mutu a gidan yarin Abakaliki, Abiola ya mutu a tsare ba a taɓa ƙarasa shari'arsa ba. Shugaban alƙalan ƙasa yana ina? Me ya hana ya ajiye aikin duniya ta san an yi zalunci?

Sai ta Buhari. Mu da muka tsaya a layi a 2003 mun san abin da idonmu ya gani, ni a rumfar da na yi zaɓe mun ƙirga ƙuri'a da hannunmu, abin da aka sanar daga sama daban. Aka tafi kotu, aka yi ta jan ƙafa fiye da shekara biyu, ita kanta kotun ɗaukaka ƙara ta soke sakamakon Jihar Ogun, mahaifar Obasanjon, kuma alƙali ɗaya Nsofor ya ce a rushe zaɓen duka. Da aka zo gaban Uwais ranar 1 ga Yuli 2005 sai aka ce ba a kawo hujjar da ta isa ba. Ranar mutane da yawa a Arewa suka cire rai da kotu, wasu har yau ba su mayar ba, kuma ina ganin tarzomar 2011 tana da saiwa a wannan cire ran. In kotu za ta iya ce wa Obasanjo saki kuɗin Legas me ya hana ta ce masa sauka a sake zaɓe? Kuma ma kuɗin Legas ɗin ai bai saki duka ba sai da Umaru Yar'Adua ya hau.

Barista_A ya rubuta:

Malam maganarka tana da nauyi ba zan raina ta ba, ni ma na yi baƙin ciki a 2005. Amma akwai abin da ya kamata ƙanwarmu ta gane tun yanzu tunda lauya za ta zama. Alƙali ba ya yanke hukunci da abin da ya ji a gari ko abin da ya gani a talabijin, sai abin da aka shigar gabansa ta hanyar da doka ta yarda. Dokar zaɓe ta 2002 ta ce ba a rushe zaɓe don an saɓa ƙa'ida sai mai ƙara ya nuna saɓawar ta yi yawan da ta canza sakamako, kuma nauyin kawo hujjar duk a wuyansa yake, rumfa rumfa, da shaidan da ya gani da idonsa, a ƙasar da rumfunan zaɓe suka kai dubu 120 a lokacin, takardun da zai kafa hujja da su kuma suna hannun hukumar da yake ƙara. Wa zai iya wannan? An gina dokar ne yadda mai ƙara ba zai taɓa kai labari ba. Na soja kuwa dokokinsu a rubuce suke cewa babu kotun da ke da ikon sauraron ƙara a kansu, da ya ajiye aikin a ranar za a naɗa wani, wataƙila wanda ya fi shi sauƙin juyawa. Kana iya cewa duk da haka ya kamata ya ajiye, ra'ayi ne kuma akwai manyan lauyoyi masu irinsa, ni dai na fi ganin amfanin zamansa.

Abin da ya sa nake girmama shi shi ne abin da ya yi da wannan ciwon bayan ya sauka. Ki duba shawarwarin rahoton nasa ɗaya bayan ɗaya za ki ga kamar amsa yake ba hukuncinsa na 2005.

Malama_Zee ta rubuta:

Yauwa Barista nan nake jira a zo, don ainihin tambayarta kenan kuma duk kun tsaya a kotu. Ummu Hanan ga yadda aka yi. Zaɓen 2007 ya lalace har shi wanda ya ci, marigayi Umaru Musa Yar'Adua, ya faɗa da bakinsa ranar rantsuwa cewa akwai kurakurai a zaɓen da ya kawo shi. A watan Agusta 2007 ya kafa kwamitin mutum 22 ya ba Uwais shugabanci, a ciki akwai Attahiru Jega, Matthew Kukah, Sheikh Ahmed Lemu, Bolaji Akinyemi, Olisa Agbakoba, Jibrin Ibrahim, Grace Alele-Williams da sauransu, suka zaga ƙasa suka ji bakin jama'a suka miƙa rahoto a Disamba 2008.

Babbar shawarar ita ce a cire hannun shugaban ƙasa daga zaɓo shugaban INEC, a tallata kujerar kowa ya nema, majalisar alƙalai ta NJC ta tace ta fitar da mutum uku, majalisar ƙoli ta ƙasa, wato Council of State, ta ɗauki ɗaya a kai wa majalisar dattawa ta tabbatar. Dalili a fili yake, ɗan wasa ba ya naɗa alƙalin wasa. Sannan suka ce in an je kotu INEC ce za ta tabbatar ta yi zaɓe daidai ba mai ƙara ne zai yi ta wahalar tono ba, kuma a yi zaɓe da wuri yadda za a gama duk shari'a kafin a rantsar da kowa, kar mutum ya hau kujera ya yi amfani da kuɗin gwamnati da jami'an tsaro yana kare kujerar da ake ƙararsa a kanta. Suka ce a sauke wa INEC kaya, a yi hukuma daban ta hukunta masu laifin zaɓe, wata ta rajistar jam'iyyu, wata ta shata mazaɓu, a kuma bar ɗan takara indifenda ya tsaya ba sai da jam'iyya ba.

Me aka ɗauka? An ɗauki na kuɗi, INEC tana samun kasonta kai tsaye daga asusun ƙasa, an sa wa'adin kwana 180 ga kotun sauraron ƙarar zaɓe da kwana 60 na ɗaukaka ƙara a gyaran 2010, kuma Jonathan ya ɗauko Jega daga cikin 'yan kwamitin ya ba shi INEC a shekarar. Amma ta naɗin shugaban hukumar tun a farar takardar gwamnati, wato matsayarta a kan rahoton, a 2009 aka yi watsi da ita, wai ta shiga hurumin shugaban ƙasa, kuma duk wanda ya hau tun daga nan ya riƙe wannan ikon ƙam, har waɗanda suka yi ta kiran a aiwatar da rahoton lokacin suna adawa. Hukumar laifukan zaɓe har yau babu ita, indifenda babu, a 2023 an rantsar da shugaban ƙasa 29 ga Mayu Kotun Ƙoli ba ta yanke hukunci ba sai 26 ga Oktoba. Wannan ne yake ƙona min rai wallahi, an tara dattawa sun yi wata goma sha shida suna aiki, aka tsince mai sauƙin aka bar mai maganin.

Ummu_Hanan ta rubuta:

Kai na gode ƙwarai, Baba Rajistara, Barista, Malama, har da Yaya Dan Gwagwarmaya, Allah ya saka da alheri. Na karanta wa babanmu duka da daddare ya ce a gaishe da Baba Rajistara, ya ce maganar Kano da 19.94 ɗin nan a rediyo ya ji ta yana saurayi har sun yi ta lissafi a ƙasa da tsinke shi da abokansa. Kawu kuma na tura masa ya turo min murya ya ce Dan Gwagwarmaya ya faɗi abin da ke ransa, amma bai taɓa sanin Uwais ɗin ne ya ce a mayar da nauyin hujja kan INEC ba, ya ce wannan ya sa ya yi shiru ya yi tunani.

Saura abu ɗaya Barista, cikin shari'o'in nan wacce zan fara nema in karanta, kuma ina ake samunsu?

Barista_A ya rubuta:

Fara da ta Awolowo da Shagari ƙanwata, ba ta da tsawo sosai kuma lissafin a fili yake, ki karanta na masu rinjaye sannan ki karanta na Eso ki ga yadda alƙalai suka kalli jimla ɗaya suka rabu. Daga nan ki je ta Legas ta 2004 don ki ji yadda shi Uwais yake jera magana da alƙalaminsa. Ta Buhari ki bar ta sai kin shiga jami'a kin yi dokar shaida, doguwa ce kuma za ta rikita ki yanzu. Duk laburaren sashen shari'a yana da kundayen hukunce-hukuncen, wasu ma suna intanet kyauta in kin sa sunayen masu ƙarar da shekarar, rahoton kwamitin shi ma yana nan, juzu'i na farko ne mai shawarwarin, shi za ki sauke.